Hannun Maɗorin Bukuru

Bukuru, 6 ga Satumba, 2023

Zuwa ga jikata kuma amaryata, Furera Aminu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce ta wanda ya daɗe bai gan ki ba, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da iyayenki da ƙannenki. Mu nan lafiya lau, sai dai ruwan bana ya ƙi ɗaukewa, har ya kayar mana da katangar bayan gida. Ni ne Zakari, ƙanin kakanki marigayi, in Amurka ba ta goge ni daga kanki ba. Rabona da ke shekara goma sha biyu, lokacin kina 'yar siririya mai yawan tambaya.

Kada ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Kunnena ya tafi. Ko mutum yana gabana sai na kalli bakinsa nake gane abin da yake faɗi, balle a waya. Maƙwabciyata Selina mai shagon magani ita za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki. In kin ba da amsa, za ta kai a buga min a takarda.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, gwaggonki ta zo biki daga Kano ta shaida min wai likitancin ƙashi kike karantawa, kuma wai da hannu ake koya muku. Sai da na sa ta maimaita sau uku. Kin san ɗori sana'ar gidanmu ce tun kakan kakanki. Ni shekarata arba'in da takwas ina yi. 'Ya'yana maza biyu, ɗaya yana sayar da waya a Abuja, ɗayan in ya ga jini jiri yake ji. Na riga na haƙura cewa da ni za a binne abin. Sai ga shi ya je ya tsiro a ƙasar Turawa, a hannun mace.

Akwai abubuwan da ba a rubuta su. Akwai addu'ar da ake tofawa, akwai kuma yadda hannu yake jin ƙashi ya koma mazauninsa. In kun samu hutu ki zo ki karɓa, tun ina da ƙarfi.

Ki gaida mahaifinki.

Kakanki,
Malam Zakari Maɗori

Laurel, Maryland, 17 ga Satumba

Kakana,

Wa alaikumus salam. Ina wuni, ya jiki, ya ƙarfin hali? Allah ya ƙara lafiya, ya mayar da katanga. Baba da Mama suna gida a garin Lanham lafiya, ni ina kwana a Laurel kusa da asibiti, ɗaki ɗaya muka kama da wata 'yar ajinmu. A matattakalar bene na karanta takardarka, tsakanin mara lafiya da mara lafiya, sai da na goge ido kafin in koma ciki. Ban manta da kai ba. Har tabarmar zaurenka ina tunawa.

Amma bari in gyara labarin Gwaggo. A nan takardar likita iri biyu ce, akwai M.D. akwai D.O., tamu ita ce ta biyun, ana ce mata ostiyofati. Duk abin da waɗancan suke karantawa muna karantawa, magani da tiyata da haihuwa da sauransu. Ƙarin da muke da shi shi ne ana koya mana lalubar jiki da hannu, gadon baya da haƙarƙari da tsoka, mu gane inda ya ɗaure mu sassauta. A jikin junanmu muke koyo. Shekarar farko sai da na yi ta zarya ofis kafin a yarda a riƙa haɗa ni da mata, in kuma bar ɗankwalina a kaina.

Shekara biyu na yi a makaranta can cikin duwatsu, tafiyar awa biyar daga nan. Yanzu ina ta uku, an turo mu asibiti. Kowane wata sabon ɓangare. Kafin in gane inda ake ajiye safar hannu an mayar da ni wani wuri. Wannan watan tiyata nake. Daga sallar asuba ina tsaye, riƙe da ƙarfen da ke buɗe cikin mutum, ana jefo min tambaya, in na amsa daidai ba wanda zai ce komai, in na kuskure kowa ya ji. Jarrabawar ƙasa kuma biyu za mu yi, tamu da ta waɗancan, don kada a ce ba mu kai ba.

Wannan maganar ta "ba mu kai ba" ta ishe ni, Kaka. Ran Asabar a wajen suna a Lanham wata mata ta tambayi Mama a gabana, wai ashe tausa Furera take karantawa? Aka yi dariya. Baba ma in an tambaye shi, cewa kawai yake ina makarantar likita, ba ya son a kawo zancen ƙashi ko kaɗan.

Don haka ba ɗori nake karantawa ba. Mu in an kawo karaya hoto muke ɗauka, a sa siminti ko a shiga tiyata, ba ma ɗaure ta da kara da tsumma. Hutu kuma ba mu da shi sai mako guda a ƙarshen shekara, ba zai kai ni Jos ya dawo da ni ba.

A gaida Mama Selina, na gode mata.

Jikarka,
Furera

Laurel, 12 ga Nuwamba

Kakana,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, sanyin Jos bai matsa maka ba. Mu ma ya fara shigowa, ganyaye duk sun zube.

Mako takwas ke nan shiru. Na tambayi Mama Selina, ta ce ka karɓa, ka karanta, ka ninke ka sa a aljihu. Na koma na karanta abin da na rubuta maka, sai na ji kunya. Haushin matar Lanham ne na juye a kanka. Ka yafe min.

Yanzu ina wani ƙaramin asibiti na unguwa. Yawancin masu zuwa ma'aikatan manyan rumbunan kaya ne da masu kula da tsofaffi, kowa da ciwon baya. Ran Talata wata mata ta zo, kwali take ɗagawa wuni guda, ta ce mako uku in ta ja numfashi sai ta ji kamar an soka mata wuƙa a gefe. An yi hoto ba a ga komai ba. Likitar da nake bi ta ce in gwada. Na ɗora hannu a bayanta, na rufe ido, na ce ta yi numfashi. Sai na ji haƙarƙari ɗaya ba ya tafiya da 'yan'uwansa. Na bi shi a hankali yadda aka koya mana, har ya saki. Matar ta ja numfashi mai tsawo, ta juyo tana kallona.

Shekara uku ina karatu, ranar ce na fara jin na san wani abu wanda ba daga littafi ya fito ba. Kuma ba wanda na so in faɗa wa sai kai.

Ban da wannan, ba ni da natsuwa. An ce mu fara tunanin ɓangaren da za mu ƙware, ni kuwa kowane wata ra'ayina daban. Ran Lahadi in ɗaki ya ishe ni, jirgin ƙasa nake hawa da littafina in je Baltimore in dawo, ba don ina da kowa a can ba, sai don in abu yana tafiya da ni na fi iya karatu.

Ko layi biyu ne ka rubuto.

Furera

Bukuru, 10 ga Disamba

Furera,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya. Takardunki biyu sun zo.

Ban yi fushi ba, na dai gane matsayina. Kara da tsumma. To, karan nan da tsumman nan sun tayar da mutanen da aka riga aka wasa wa wuƙa. A garin nan akwai masu buga ƙwallo, akwai masu hawa bene da bulo a ka, waɗanda a kan tabarmata suka kwanta. Na bar wannan maganar.

Labarin haƙarƙarin matar nan kuwa na karanta shi sau da yawa. Abin da kika ji a hannunki shi ne abin da nake ce miki ba a rubutawa. Ko me kuka sa masa suna a can, shi ne.

Ina da wani aiki a hannu yanzu. Dalyop, direban tifa ne mai ɗibar yashi, 'ya'yansa uku. Ƙofar bayan motar ce ta faɗo masa a ƙwauri, ƙashin ya karye har bakinsa ya ɗan huda fata. An kai shi ƙofar asibiti, 'yan'uwansa suka ji tsoron za a yanke, suka juyo da shi wurina. Na wanke, na ja, na daidaita, na ɗaure. Sai da na yi sau uku kafin ɗaurin ya zauna yadda nake so, don hannuna na dama yana ɗan rawa kwanan nan. Sanyin bana ne, ya fi na bara. Yaron yana da ƙarfin zuciya, ko ƙara bai yi ba, hannun matarsa kawai ya riƙe.

Tsufa dai ba daɗi. Abinci ma ya zama ɗaya a wurina. Ko daddawa aka zuba a miya ba na jin ƙamshinta, na ce wa surukata ta canja wurin saye, ta ce ita ce dai wadda take saye kullum.

Ki yi haƙuri da rubutun, biron Selina ba shi da kyau. Ki daina hawa jirgi ba dalili. Mace ita kaɗai a ƙasar mutane.

Zakari

Laurel, 7 ga Janairu, 2024

Kakana,

Ina kwana, ya sanyi, ya mai jiki Dalyop? Allah ya ba shi lafiya. Na ji daɗin takardarka fiye da yadda zan iya faɗi. Wannan kuwa sau huɗu ina rubutawa ina gogewa, don ina tsoron kada ta sake ɓata maka rai. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Wannan watan ina ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ran Alhamis aka kawo wani dattijo ɗan Kumasi, mai gadi ne a nan Laurel. Ba zan faɗi sunansa ba, doka ta hana. Turancinsa bai da yawa, Hausar zango yake yi, sai aka ce in yi tafinta. Yana zaune hannunsa a kan gwiwa, yatsunsa suna motsi kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannun. Likitar ta ba shi biro ta ce ya rubuta layi guda. Ya fara da manyan baƙaƙe, kafin ya kai ƙarshen layin sun koma kamar tururuwa. Sai ta ce in tambayi matarsa ko yana jin ƙamshi. Matar ta ce shekara biyu ke nan yana zargin girkinta.

Ban san yadda na ƙarasa tafintar ba. Da na fita na jingina da bango, na buɗe hotunan takardunka biyu. Ta Satumba, kowane layi yana farawa da girma ya ƙare ƙarami. Ta Disamba, rabinta sai na faɗaɗa hoton nake iya karantawa. Ba biro ba ne, Kaka.

Ni ɗaliba ce, kuma ban gan ka ba, ina iya yin kuskure. Na kwatanta wa likitar ba tare da na ambaci suna ba, ta ce ba a yanke hukunci daga nesa, amma in kakanta ne za ta sa a duba shi cikin watan nan. Cutar ana ce mata Parkinson. Ba hauka ba ce, ba sammu ba ce, wani sinadari ne yake raguwa a ƙwaƙwalwa, kuma akwai maganin da ke sassauta ta sosai. Mutane suna shekaru da ita.

Ina roƙon ka je Jos likita ya duba ka. Kafin nan kuma ka ɗan dakata da karɓar sabon ɗori, don ɗauri in ya wuce ƙima ko ya gaza, kai ka fi ni sanin abin da yake jawowa. Shi kuma Dalyop, tunda ƙashin ya huda fata, ƙwayoyin cuta suna iya bi ta nan su shiga cikin ƙashin, ko da waje ya yi kyau. A kai shi a yi hoto kawai, a duba ciwon. Ba na cewa aikinka bai yi ba.

Tun ran Alhamis ba na iya zama wuri ɗaya. Jiya na wanke ɗakinmu sau biyu, 'yar ɗakina ta tambaye ni ko baƙi za mu yi.

Jikarka mai ƙaunarka,
Furera

Bukuru, 16 ga Janairu

Furera,

Salamu alaikum. Lafiya muke.

Na san muryar da ke cikin takardarki. Ba taki ba ce, ta Aminu ce. Tunda bai faɗa miki ba, ni bari in faɗa miki.

Mahaifinki yana ɗan shekara tara ya zame a bakin ramin kuza ya karye a cinya. Kakanki, wato yayana, ya yi tafiya Bauci, ba kowa a gida sai ni. Ita ce karaya ta farko da na ɗora ni kaɗai, ina ɗan shekara ashirin da shida. Ta warke, amma kin ga yadda yake tafiya. Tun da ya shiga jami'a gaisuwarsa gare ni a bakin leɓe take. Ya tafi Amurka bai zo min sallama ba. Ya jira shekara arba'in da takwas, yanzu ya samu 'yarsa likita da za ta ce min in ajiye, har da sunan cuta na Turanci.

Hannun da ya yi aiki irin nawa dole ya yi rawa. Rubutu kuma ƙanana nake yi don takarda ta ishe ni. Ban taɓa kwana a asibiti ba, ba kuma zan je in zauna a layi yaro ya sa ni in taɓa hancina da yatsa ba.

Dalyop yana samun sauƙi. Zazzaɓi yana ɗan zo masa da yamma, wannan sanyi ne. Matarsa ta dame ni wai ƙafar tana wari. Na ɗaga bakin ɗaurin, na kai hancina har kan tsumman, ban ji komai ba. Tsoro ne irin na mata. Na ce kada a taɓa sai ya cika kwana sittin.

Kada ki sake rubuto min a kan wannan. In labarin karatu ne ina so.

Zakari

A cikin jirgi, tsakanin Washington da Laurel, 29 ga Janairu

Kaka,

Ina gaisuwa, ka yafe min gajartarta, ka kuma yafe min saɓa maganarka. Takardarka sai yau da safe ta iso. Mama Selina ta tafi ƙauye jana'izar mahaifiyarta, kwana goma sha biyu takardar tana cikin shago. Allah ya ba ta haƙuri.

Ina karantawa na kira ta, na roƙe ta ta je gidan Dalyop. Ta je. Ta ce tun daga bakin ƙofa ake jin warin, jikinsa zafi rau, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ta ce masa asibiti, ya ce ba inda za shi sai in Baba Zakari ne ya ce ya je. Kai kaɗai yake ji.

Baba bai sa ni ba. Bai ma san muna rubutu ba. Mu tun muna yara ce mana yake a wajen ƙwallo ya ji ciwo. Yau na nemi izini a asibiti, na hau jirgi zuwa Washington, na je ofishinsu a unguwar Southwest. Ba a shiga sai da kati, na kira shi ya sauko. Ina tsaye wajen masu gadi na hango shi yana tahowa ta cikin dogon falon nan, kafaɗa ɗaya tana sauka tana tashi. Shekarata ashirin da shida, yau na fara kallon tafiyar ubana.

Na miƙa masa wayar. Ya karanta a tsaye, ya nemi kujera ya sake karantawa. Sannan ya ce shi bai taɓa jiran komai ba. Ya ce yana tuna zango guda cur kana goya shi zuwa makaranta kana dawo da shi. Abin da ya tsaya masa a rai, in ji shi, ba ƙafar ba ce. "A gidan nan ba wanda ya taɓa cewa ta gajarta," ya ce. "Ce min ake ni ne ban iya tafiya ba, in daina yanga. Har na yi girma ina tsammanin laifina ne."

Daga nan ya ɗauki wayarsa ya kira wani abokin karatunsa, Dakta Chuwang, likitan ƙashi ne a Jos. Likitan ya ce a kawo Dalyop gobe da safe, shi da kansa zai karɓe shi.

Kaka, ƙafar tana wari. Hancinka ne ba ya ji, kuma wannan yana cikin ciwon da na faɗa maka. Kada ka yarda da ni, ka gwada. Ka ɗauko kwalbar turarenka ta Juma'a, ka rufe ido, ka shinshina.

Ba zan yi maka ƙarya in ce ba za a yanke ba. Ban sani ba. Abin da na sani, in ƙwayar ta shiga jini ba maganar ƙafa za a yi ba. Mutumin nan ya ba ka amanar kansa. Na roƙi Mama Selina ta buga wannan yanzu ta kawo maka da hannunta, ta tsaya har ka karanta.

Wayata tana hannuna.

Furera

Bukuru, 18 ga Fabrairu

Zuwa ga jikata Furera,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida iyayenki. Ya karatu, ya tsayuwa? Na san Selina tana ba ki labari a waya, amma ina so ki ji daga gare ni.

Na shinshina turaren. Na shiga madafa na shinshina daddawa, da citta, da manja. Duk ruwa ne. Na zauna a zaure na kai rabin awa, Selina tana tsaye a kaina ta ƙi tafiya.

Da na je gidan Dalyop na ce matarsa ta tsaya kusa da ni. Tunda hancina ba ya aiki, fuskarta na kalla ina kwance ɗaurin. Kafin in kai rabi ta toshe baki ta juya. Da na buɗe na ga abin da idona ya isa ya gani tun tuni, da na yarda na kwance duka. Na ce masa, "Dalyop, wannan ya fi ƙarfina. Tashi mu tafi." Ban taɓa faɗa wa mutum haka ba.

Dakta Chuwang ya fito da kansa, ya rusuna ya gaishe ni, ya ce ya san sunana tun yana yaro. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. An shiga da Dalyop tiyata sau biyu, an cire ƙashin da ya mutu, an sa masa ƙarafa ta waje kamar tsani. Zazzaɓin ya sauka. Ƙafar tana nan, amma likita ya ce ba zai ce an tsira da ita ba sai bayan azumi. Tuƙin tifa kuwa bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. 'Yan'uwansa sun faɗa min maganganu a bakin asibiti. Na ga bakinsu, na gane. Matarsa ba ta gaishe ni.

Ni ma an duba ni. Abin da kika faɗa ne. An ba ni ƙwaya sau uku a rana. Ran Laraba wata mata ta kawo min hannunta ya karye, na raka ta bakin titi na tsayar mata da keke, na faɗa wa mai keken inda zai kai ta. Ta yi ta waiwayena har suka sha kwana.

Ki faɗa wa Aminu, ƙafarsa ta gajarta da yatsa biyu. Ni na ɗora ta. Na sani tun ranar da na kwance ɗaurin, tsoron yayana ne ya hana ni faɗi, daga baya kuma kunya. Ba laifinsa ba ne. Ki karanta masa yadda na rubuta, kada ki gyara.

Kullum da safe ina hawa mota in je Jos, in zauna a benci kusa da gadon Dalyop. Kwana goma sha shida in na shigo sai ya juya fuska bango. Ban fasa zuwa ba, don ba ni da wurin da ya fi nan cancanta in zauna. Shekaranjiya nas biyu suka zo canja masa zanen gado. Suka kama ƙafar za su ɗaga, na ga ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta miƙe. Suka ajiye, suka sake kamawa, haka dai. Sai ya juyo ya neme ni da ido, ya yi magana a hankali yadda zan gane bakinsa. Ya ce, "Baba, kai ka ɗaga."

Nas ɗin suka kalli juna, babbar ta matsa min. Na sa hannu ɗaya ƙarƙashin gwiwa, ɗaya ƙarƙashin diddige, na jira ya saki numfashi, na ɗaga. Na riƙe har suka zare tsohon zanen suka shimfiɗa sabo. Bai ko yamutsa fuska ba. Da na ajiye ya rufe ido, amma bai juya bango ba.

Ga tambayata, tunda ke ce mai karatun. Duk tsawon lokacin da nake riƙe da ƙafar nan, hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan. Ina komawa benci na ɗora shi a gwiwa, ya ci gaba. Na so in tambayi likitan, na ga yana sauri. Ki duba min a littafinku, ki rubuto min dalili, da manyan baƙaƙe.

Kakanki,
Zakari